Geraint Thomas: Daga Tare wa Wasu Iska Zuwa Riga Mai Ruwan Ɗorawa

A shekarar 2013 Geraint Thomas ya ƙare gasar tseren keke ta Tour de France a matsayi na 140. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ko gudun famfalaki, in ya ji haka, zai ce ai wannan ɗan rakiya ne, cika lissafi kawai ya je yi. A wajen masu harkar tseren keke kuwa, wannan na 140 yana cikin abubuwan da suka fi jawo masa girma. Tun a zangon farko, a tsibirin Kosika, ya faɗi, hoton asibiti ya nuna ƙashin ƙugunsa ya tsage, amma ya ƙi sauka. A kwanakin farko sai an kama shi kafin ya iya ɗaga ƙafa ya hau sirdi. Haka ya yi ta taka feda mako uku har birnin Faris, kuma duk wannan azaba ba don kansa ya sha ta ba. An ɗauke shi ne ya taimaki jagoran ƙungiyarsu ta Sky, Chris Froome, ya ci gasar, Froome kuwa ya ci. Shekara biyar bayan haka sai ga Thomas a tsakiyar dandamali a Faris da tutar Wales a hannu, Froome ɗin yana tsaye gefensa a matsayi na uku.

Kafin a gane yadda aka yi haka, sai an fara da wani abu da talabijin ba ta nunawa, wato iska.

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san yadda take danne ƙirji, ya kuma san sauƙin da ake samu in aka laɓe bayan babbar mota. A gudun kilomita 45 ko 50 cikin awa, mafi yawan ƙarfin da mahayi ke zubawa a kan feda wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya manne a bayan tayar wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, wanda ke tsakiyar ayari kuma ya fi haka samun sauƙi. Daga nan duk siyasar wasan ta taso. Ƙungiya takan zo Tour da mahaya takwas, a da ma tara ne, amma mutum ɗaya ake so ya ci. Sauran aikinsu su shiga gabansa su tare masa iska, su koma wajen motar ƙungiya su cusa gorunan ruwa cikin riga su kawo masa, in ya yi faci su miƙa masa tayarsu ko keken ɗungurungum, in an gudu an bar shi su ja shi har ya cim ma ayari. Ana kiran irin wannan mahayi da kalmar Faransanci domestique, wato baran gida, kuma sunan sana'a ne da ba mai jin kunyarsa. Akwai waɗanda suka kwashe shekara goma suna cin abinci da ita ba su taɓa cin tsere ko ɗaya ba. Shi ya sa al'ada ta zaunu cewa kuɗin kyautar wanda ya ci Tour, yuro 500,000, abokan aikinsa yake bar wa su raba.

An haifi Thomas ranar 25 ga Mayu, 1986, a Cardiff, babban birnin Wales. Mu nan duk abin da ya fito daga wancan tsibiri Ingila muke ce masa, amma mutumin Wales ba ya son jin haka. Ƙasa ce mai mutum miliyan uku da 'yan kai a yammacin Ingila, da harshenta, da tutarta mai jan dodo, da ƙungiyar ƙwallonta. A Olamfik 'yan wasanta na shiga da sunan Birtaniya, a wasannin ƙasashe renon Ingila kuma da sunan kansu. Sakandaren da ya yi, Whitchurch, ita ce ta yaye Gareth Bale da Sam Warburton, tsohon kyaftin ɗin Wales a zari-ruga. Yana ɗan shekara goma ya shiga kulob ɗin yara na Maindy Flyers, wanda ke atisaye a wani tsohon filin keke mara rufi da aka yi amfani da shi a wasannin renon Ingila na 1958. Filin ba wani abin kallo ba ne, amma a cikinsa Luke Rowe da Owain Doull da Elinor Barker suka koyi sana'a, biyun ƙarshe har suka ci zinare a Olamfik na 2016.

Thomas ya taso a kan gaɓa. A Olamfik na Atlanta a 1996 Birtaniya ta koma gida da zinare ɗaya tak a dukkan wasanni, abin da ya zame mata abin kunya. Daga 1997 aka fara zuba kuɗin cacar ƙasa a harkar wasanni, da sharaɗin cewa kuɗi na bin lambar yabo. Masu kula da keke suka yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Tseren kan titi ba shi da tabbas, akwai ruwa, akwai faci, akwai mahaya fiye da ɗari da kowa ke da tasa dabarar. Tseren cikin zaure kuwa komai nasa a aune yake, ba iska, ba tudu, agogo ne alƙali, lambobin yabo kuma da yawa. Ga sabon zauren tsere da aka buɗe a Manchester a 1994. Sai suka tattara komai can. Dave Brailsford, wanda shi ma a arewacin Wales ya girma, ya zama jagoran shirin, Rod Ellingworth kuma ya kafa makarantar horar da samari, inda Thomas ya zauna tare da Mark Cavendish da Ed Clancy, suna dafa abincinsu, suna wanke kekunansu, daga baya aka kai su Italiya su ɗanɗana tseren titi na gaske. A 2004 Thomas ya ci gasar duniya ta matasa a cikin zaure, ya kuma ci Paris-Roubaix ta matasa a kan titin duwatsu. A Fabrairun 2005, suna atisaye a Sidni ta Ostireliya, wani guntun ƙarfe da ke yashe a titi ya shiga tayarsa, ya faɗi kan keken, saifarsa ta fashe, dole likitoci suka cire ta. Bai cika 19 ba a lokacin.

Zauren tseren yana da kyau a tsaya a kansa, don a nan aka ƙera mutumin. Da'ira ce mai tsawon mita 250, shimfiɗe da katako, kwana biyun da ke ƙarshenta sun miƙe sama kamar bangon akushi, karkatarsu ta wuce digiri 40. Wanda ya taɓa shiga babban filin wasa na Abuja ya ga irin ginin, don akwai ɗaya a can tun wasannin Afirka na 2003. Keken da ake hawa a ciki ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce, kuma feda ba ta tsayawa muddin taya na juyawa. Fannin Thomas shi ne tseren kora na mutum huɗu. Ƙungiya biyu ke tashi daga ɓangarori biyu masu fuskantar juna, su yi zagaye 16, kilomita huɗu ke nan. Mahaya huɗun na jere kamar an zare su a tsinke, tsakanin taya da taya bai kai taƙi ba. Na gaba ya sha iskar zagaye ɗaya ko ɗaya da rabi, da an shiga kwana sai ya karkata ya haura bangon akushin, ukun su wuce ta ƙarƙashinsa, shi kuma ya gangaro ya faɗa daidai bayan na ƙarshe. In ya makara da ƙiftawar ido ya rasa inuwarsu, ba zai sake kamo su ba. In ya yi gaggawa ya taɓa taya, duka su zube.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan fanni shi ne dokar agogo. Ba da na farko ake tsayar da shi ba, sai tayar mutum na uku ta ƙetare layi. Saboda haka wanda ya fi kowa ƙarfi ba shi da damar nuna bajinta. In ya ƙara wuta zai tsinke na bayansa, ya kashe ƙungiyar. Abin da aka yarda ya yi shi ne ya daɗe a gaba, ya ɗauki zagaye biyu inda wani ke ɗaukar ɗaya, gudun kuma ya zauna yadda yake. Yaron da ya yi shekaru a wannan makaranta yakan fito ya san awon ƙarfinsa kamar yadda mai awo ya san bakin mudu, ya kuma saba da cewa ƙarfinsa na jama'a ne.

Sakamako ya biyo baya. Birtaniya ta ci gasar duniya da shi a 2007 da 2008 da 2012. A Olamfik na Beijin a 2008, shi da Clancy da Paul Manning da Bradley Wiggins suka doke Denmak a wasan ƙarshe da minti 3 da daƙiƙa 53.314, lokacin da ba a taɓa yi ba a duniya. A Landan a 2012, da Clancy da Steven Burke da Peter Kennaugh, suka doke Ostireliya da 3:51.659. In ka buga lissafi, gudun ya haura kilomita 62 cikin awa, kuma daga tsaye cik aka tashi. Zinaren Landan da tsada ya same shi, domin don shi ya haƙura da Tour ta waccan shekara, wadda abokinsa Wiggins ya ci ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya yi haka.

A gefe guda yana neman abinci a kan titi. A 2007, yana ɗan shekara 21, ya shiga Tour ta farko da ƙungiyar Barloworld, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin mahaya, kuma ɗan Wales na farko tun bayan Colin Lewis a ƙarshen shekarun 1960. Mutum 141 suka isa Faris, shi ne na 140. Da aka kafa Sky a 2010 ya koma can, ya ci gasar Birtaniya ta kan titi a shekarar.

A nan matsalar jiki ta taso. Minti huɗu a kan katako tsoka mai kauri suke so, nauyi ba ya cutar da kowa tunda ba tudu. Hawan dutse na minti arba'in kuwa abin da yake tambaya shi ne, ƙarfi nawa kake fitarwa a kan kowane kilo na jikinka? Duk kilon da ba ya tura feda kaya ne kake ɗauka zuwa sama. Wanda zai bar zaure ya nemi Tour dole ya rame ba tare da ƙarfinsa ya tafi ba, kuma wannan aikin shekaru ne na auna abinci da kwana a kan tsaunuka, irin sansanin da Sky ke yi a dutsen Teide na tsibirin Tenerife. Wiggins ya bi wannan hanya ya isa. Thomas ya daɗe yana tsaye a mararraba, domin jikinsa na asali ya dace da wani fanni dabam, tseren yini ɗaya a kan titunan duwatsu na Beljiyom da arewacin Faransa, inda ake son mai ƙirji da rashin tsoro. A 2014 ya zo na takwas a tseren Flanders, na bakwai a Paris-Roubaix. A watan Agustan shekarar, mako ɗaya bayan kammala Tour, ya ci wa Wales zinare a wasannin ƙasashe renon Ingila na Glasgow cikin ruwan sama mai ƙarfi, a tseren da mutum 12 kacal suka kai ƙarshe, duk da facin da ya yi ana saura kilomita shida yana gaba shi kaɗai. A 2015 ya ci E3 Harelbeke, wani tseren yini ɗaya na Beljiyom. Ni a ganina da ya tsaya a wannan fanni da wuya ya yi ritaya bai ci ɗaya daga cikin manyansu ba. Bai tsaya ba, kuma har ya ajiye keke bai ci Flanders ko Roubaix ba.

Tour ta 2015 ce ta juya masa tunani. Yana bautar Froome, yana tare iska a kan tsaunuka, amma duk da haka yana cikin biyar ko shida na farko. A zango na 16, ana gangarowa daga Col de Manse zuwa garin Gap, Bafaranshe Warren Barguil ya kasa shan kwana ya bangaje shi. Thomas ya fita daga titi, kansa ya bugi falwaya, ya wuntsila cikin rami. Masu kallo suka riƙe baki. Can sai ga shi ya fito, ya hau, ya isa layi bai yi asarar ko minti ɗaya cikakke ba. Har zango na 19 yana na huɗu, ranar ce ƙafa ta ƙi, ya zubar da minti 22 ya ƙare na 15. Amma ya ga abin da ya gani. A 2016 ya ci Paris-Nice, gasar mako ɗaya a Faransa, ya tsere wa Alberto Contador da daƙiƙa huɗu.

Sai faɗuwa ta zame masa kamar gado. A Olamfik na Riyo a 2016 ya faɗi a gangarar ƙarshe yana cikin 'yan gaba. A 2017 Sky ta ba shi jagoranci a Giro d'Italia, babbar gasar Italiya, yana na biyu aka nufi dutsen Blockhaus, sai ayari ya yi karo da babur ɗin ɗan sanda da aka tsayar a bakin titi, kafaɗarsa ta goce, bayan 'yan kwanaki ya janye. Watan Yuli ya ci zangon farko na Tour a Düsseldorf ta Jamus, ya zama ɗan Wales na farko da ya sa riga mai ruwan ɗorawa, rigar da mai jagorantar gasar ke sawa. A zango na tara ya faɗi a gangarar Col de la Biche, ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ya karye. Wasu na cewa rashin sa'a ne, wasu na cewa mai yawan faɗuwa akwai abin da yake yi ba daidai ba. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Babur ɗin Blockhaus ba laifinsa ba ne, amma mutumin da ya yi shekaru aikinsa shi ne kutsawa gaba a wuri mai matsi don ya buɗe wa wani hanya, ba a rana ɗaya yake koyon tattalin kansa ba.

Yanzu 2018. Ya shigo Tour yana ɗauke da nasarar Critérium du Dauphiné, gasar mako ɗaya da ake gwada ƙafa da ita a watan Yuni. Jagora dai Froome ne, mai Tour huɗu a aljihu, wanda ya ci Giro a watan Mayu yana neman haɗa biyun. Thomas na biyu ne, ajiya don ko-ta-kwana. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa a zangon tseren agogo na ƙungiya, inda kowace ƙungiya ke tashi ita kaɗai ana auna lokacinta, an gaya masa in ya yi faci ba za a jira shi ba, Froome kaɗai za a jira, alhali a lokacin yana gaban Froome, wanda ya faɗi a zangon farko ya yi asarar daƙiƙa 51.

Yadda ake cin Tour shi ne a tara lokacin kowane mahayi a zanguna 21, sama da kilomita 3,300, mai mafi ƙarancin lokaci shi ne zakara. Don haka rashin asara ya fi cin zango muhimmanci, kuma a kwana goman farko Thomas bai zubar da komai ba, har a kan duwatsun Roubaix a zango na tara, inda tsohuwar sana'arsa ta yi masa rana. Ranar 18 ga Yuli, a hawan La Rosière, ya fice daga ayarin manya, ya kamo Tom Dumoulin na Holan, ya wuce Mikel Nieve ana dab da layi, ya ci zangon ya karɓi rigar. Washegari aka nufi Alpe d'Huez, hawan kilomita 13.8 mai kwana 21, inda dubban 'yan kallo ke cika titi har sai mahayi ya zo suke buɗe masa 'yar hanya. Ranar hayaƙin wasan wuta ya rufe ko'ina, ana yi wa 'yan Sky ihu, Vincenzo Nibali ya sarƙe da wani abu na ɗan kallo ya faɗi ya karye a gadon baya. Wani yaro ɗan Kolambiya mai shekara 21, Egan Bernal, shi ya tare wa Froome da Thomas iska har sama da rabin dutsen. Froome ya kai hari aka kamo shi, Romain Bardet ya gwada, Dumoulin ya gwada. Mutum biyar suka iso kwanar ƙarshe tare. Thomas ya buɗe ta waje, ya shigo da gudu, sai tsohon ɗan zaure ya farka a jikinsa, babu wanda ya iya bin tayarsa. Ɗan Birtaniya na farko ke nan da ya ci zango a wannan dutse.

Ko bayan haka, in 'yan jarida suka tambaye shi, cewa yake Froome ne jagora. Sarki biyu ba sa zama gari ɗaya, kowa ya sani, kuma Sky ta taɓa ganin irin wannan tsakanin Wiggins da Froome a 2012. Titi ne ya raba gardamar. A zango na 17, a hawan Col du Portet cikin tsaunukan Pyrenees, Froome ya sare, ya koma na uku. Ranar 29 ga Yuli Thomas ya shiga Faris yana gaban Dumoulin da minti 1 da daƙiƙa 51, Froome kuma da 2 da 24. Shekarunsa 32. A ƙarshen shekara masu kallon BBC suka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Birtaniya, aka kuma sa wa zauren tseren keke na ƙasa da ke Newport sunansa.

Akwai ƙorafi biyu a kan wannan nasara, kuma bai kamata a tsallake su ba. Na farko, cewa ta faɗo masa ne: Froome da Dumoulin duk sun gaji da Giro, Richie Porte da Nibali sun karye sun fita. Gaskiya ne. Amma ba wanda ya taɓa cin Tour ba tare da wani ya faɗi ko ya gaji ba, kuma mutumin da ya ci zango biyu a jere a kan tsaunukan Alps ba kyauta aka ba shi ba. Na biyu ya fi nauyi, batun ƙwayoyin ƙara kuzari. Wasan keke yana da mummunan tarihi a nan, Lance Armstrong ma an ƙwace masa Tour bakwai. A watan Maris na 2018 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya zargi Sky da ƙetare iyakar ɗa'a wajen amfani da izinin shan magani, musamman a kan Wiggins, zargin da shi da ƙungiyar suka musanta. Shari'ar Froome kan maganin asma da aka samu da yawa a fitsarinsa ba a rufe ta ba sai ana saura 'yan kwanaki a fara Tour. A 2021 kuma wata kotun ladabtar da likitoci ta samu tsohon likitan Sky, Richard Freeman, da laifin yin odar sinadarin testosterone a 2011 yana sane ko yana zaton za a ba wani ɗan tsere, aka soke lasisinsa. Thomas bai taɓa faɗuwa gwaji ba, ba a kuma taɓa tuhumarsa da komai ba. Sai dai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ihun da aka yi masa a Alpe d'Huez na rigar da ke jikinsa ne.

Abin da ya biyo baya shi ne, a wurina, ya fi ba da amsa ga masu cewa sa'a ce. A 2019, ƙungiyar ta koma Ineos, ya zo na biyu a bayan Bernal, yaron da ya tare masa iska a 2018, da minti 1 da daƙiƙa 11. A zango na 19 Bernal ya kai hari a Col de l'Iseran, Thomas ya zauna bai bi shi ba tunda ɗan gida ne, yana jiran hawan ƙarshe, sai ƙanƙara da zaftarewar ƙasa suka tare hanya, aka tsayar da tsere aka ɗauki lokacin kan dutsen. Hawan da yake jira bai zo ba. A 2020 gorar ruwa da ta suɓuce wa wani ta shiga ƙarƙashin tayarsa a zango na uku na Giro, tun ba a ma saki tsere ba, ƙugu ya sake tsagewa. Mutane suka fara yi masa sallama. A 2022, yana da shekara 36, ya ci Tour de Suisse, ya kuma zo na uku a Tour bayan Jonas Vingegaard da Tadej Pogačar, samarin da ya girme su da shekara goma ko fiye, waɗanda suka sauya yadda ake tseren gaba ɗaya. Ba ya bin harinsu. In sun tashi kamar an harba su sai ya bar su, ya zauna a kan awonsa, sau da yawa kuma ya dawo musu a hankali, yadda aka koya masa a kan katakon Manchester.

Giro ta 2023 ce ta leƙo ta koma. Remco Evenepoel ya kamu da korona ya fita, rigar jagora mai ruwan hoda ta faɗo hannun Thomas, ya yi bikin cika 37 yana sanye da ita. Ranar 27 ga Mayu aka zo zangon da zai raba gardama, tseren agogo na kilomita 18.6 zuwa ƙolin Monte Lussari, kowa shi kaɗai, ba mai tare wa wani iska. Yana gaban Primož Roglič da daƙiƙa 26. Dutsen na kusa da iyakar Siloveniya, ƙasar Roglič, mutanensa sun cika shi da tutoci. A gindin hawan kowa ya sauya keke, Thomas har da hular kwano, a natse, wasu suka ce natsuwar ta yi yawa. A tsakiyar hawan Roglič ya faɗa wani rami, sarƙarsa ta zame, ya sauka ya mayar, aka tura shi. Kowa ya ce shi ke nan. Amma a kilomitocin ƙarshe ƙafar Thomas ta mutu, Roglič ya doke shi da daƙiƙa 40, ya ci Giro da tazarar daƙiƙa 14 bayan mako uku ana tafiya.

Washegari a birnin Rum, zangon ƙarshe na masu gudun ƙarshen layi ne. Cavendish, abokinsa tun gidan hayar Manchester, yana Giro ɗinsa ta ƙarshe a wata ƙungiya dabam, Astana, kuma ba shi da isassun masu buɗe masa hanya. Ana saura kamar kilomita biyu Thomas ya matso kusa da shi, ya yi masa alama ya biyo, ya shiga gaban ayari ya ja da iya ƙarfinsa, sannan ya kauce. Cavendish ya ci zangon, suka rungumi juna bayan layi.

Ya sake zuwa na uku a Giro ta 2024, bayan Pogačar da Daniel Martínez. A 2025 ya yi Tour ɗinsa ta 14, ya sanar cewa shekarar ce ta ƙarshe. Tserensa na ban kwana shi ne Tour of Britain, kuma zangon ƙarshe, ranar 7 ga Satumba, ya tashi daga ƙofar zauren Newport mai ɗauke da sunansa, ya bi ta gefen tsohon filin Maindy, ya ƙare a tsakiyar Cardiff.